Tagumin Kawu a Cikin Rumbu

Ni na ɗauki hoton nan. Gara in faɗa tun da wuri, domin mutanen da zan caccaka a rubutun nan suna da yawa, kada wani ya ce na tsame kaina. Ni na hau tsani, na leƙa ta bakin rumbu, na danna. Kawu, yayan mahaifiyata, yana zaune a ƙasan rumbun da tsohuwar rigar aikinsa mai yagaggiyar kafaɗa, tsintsiya a gefensa, ya zabga tagumi. Babu ko zangarniya ɗaya a ciki. Abin da hoton bai nuna ba shi ne, rumbu uku ne a bayan gidan, biyu kuma cike suke har wuya.

A wancan lokaci ina koyar da darasin noma a wata sakandare a Kazaure, kuma ina da bulog. Yaran yanzu in ka ce musu bulog sai su bi ka da kallo kamar ka ce kana neman rediyo mai kaset. Shafi ne naka na kanka a intanet. Ka rubuta abin da ka ga dama, tsawon da ka ga dama, ka ajiye, wanda yake so shi zai tako ya same ka. Duk Asabar nakan je wani kafe, shagon shiga intanet, kusa da tasha da takardun da na cika cikin mako, in zauna gaban wata kwamfuta mai nishi, in yi ta bugawa da yatsa biyu. A ɗauke wuta, a tada janareta, in tarar rabin aikin ya tafi, in yi tsaki in sake daga farko. Ban taɓa jin na wahala ba.

Abin da nake rubutawa ba mai tada hankalin kowa ba ne. Irin gero na da wanda ya fara ɓacewa. Yadda mutanen Roni ke tare ruwa da jerin duwatsu a gonakin gangare. Yadda ake gane gonar da ta gaji tun daga ciyawar da ke fito mata. Masu karatuna, in an tara su duka, ba za su cika motar haya biyu ba, amma karatu suke yi na gaske. Akwai wani likitan dabbobi a Babura, Bafulatani, wanda in na yi kuskure sai ya rubuto min shafi guda yana warware min, in yi kwana biyu ina fushi, a na uku in gane shi ke da gaskiya. Akwai wani bawan Allah daga can cikin Nijar da ke gaya mana yadda su suke yi a nasu yashin. Ban san fuskar ko ɗayansu ba a lokacin, amma na san hankalinsu.

Ƙauyen Kawu yana bayan Gwiwa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a babur in hanya ta bushe. Rumbunansa na ƙasa ne, irin waɗanda wasu ke kira rufewa, bakinsu a sama, a liƙe da laka a kifa musu ɗan jinka. Ƙa'idarsa ɗaya ce tun kafin a haife ni: na bana, na bara, da na bara waccan. Mafi tsufa ake ci a gidan. In ya ƙare, gab da girbi, sai Kawu ya shiga ya share, ya bi bango yana neman hanyar gara, ya yaɓe inda ya tsage, ya shimfiɗa toka da ganyen darbejiya, sannan sabon dami ya shiga. Ya gaji tsarin ne daga mahaifinsa, wanda ya ga shekarar da mutane suka riƙa tonon gidan tururuwa suna neman tsaba, bai kuma manta ba har ya koma ga Allah.

Akwai kuma abin da ba a faɗa. In marka ta kama, lokacin da hatsi ya ƙare a yawancin gidaje sabo kuma bai nuna ba, Inna, matar Kawu, takan fita bayan sallar asuba da ƙullin gero a ƙarƙashin mayafi, kamar mai zuwa dubiya. Ta shiga gida, a gaisa, ta ajiye a bayan ƙyaure ko a cikin turmi, ta fito ba tare da zancen ya haɗa su ba. Wanda aka kai wa ba ya godiya a fili. In sun haɗu da Kawu a masallaci, Kawu ne ke fara miƙa masa hannu. Mu ma mun ci geron nan shekarar da mahaifina ya rasu, lokacin muna ƙauyen. Sai bayan na yi aure mahaifiyata ta gaya min. Da ni duk tsammanina babanmu ne ya bar mana.

Ranar da na ce zan ɗauke shi hoto don in rubuta yadda ake gyaran rumbu, sai da ya daɗe yana kallona.

"Wa zai gani?"

"Mutane ƙalilan ne, Kawu. Masu son noma ne irinku."

"To, Malam." Haka yake kirana in yana son ya tsokane ni. "Ka ɗauki wannan da babu komai a ciki. Waɗancan biyun ko kallonsu kada na'urarka ta yi. Ba a nuna wa duniya cikin rumbu. Wanda ba shi da shi in ya gani, yaya kake so ya ji?"

Tagumin nan kuwa ba na damuwa ba ne. Wata siririyar hanyar gara ya hango ta taso daga ƙasa, ya zauna yana bin ta da ido don ya gano inda ta shigo. Haka na rubuta a ƙasan hoton, filla-filla, na biyo da dogon bayani kan laka da toka da ganye. Likitan Babura ya rubuto ya ce tokar kashin shanu ta fi ta itace. Mutumin Nijar ya ce ƙarya ne. Suka yi sati biyu suna fafatawa cikin ladabi, ni ina gefe ina jin daɗi. Da na karanta wa Kawu musun nasu, dariya ya yi, ya ce su biyun duk ba su taɓa shiga rumbu ba.

Daga nan wayoyin shafawa suka yi yawa, dandalin sada zumunta ya shigo, kowa ya yi can. Ban ga laifin kowa ba da farko. Abu ne mai sauƙi, yana aljihunka, ba sai ka je kafe ba. Amma abin da ya mayar da mutane shi ne har yau yake ci min rai. Likitan nan da ke rubuta min shafi guda, na same shi a can ya tsaya kusa da wani bajimi ya ɗauki hoto, ya rubuta kalma huɗu a ƙasa, mutane ɗari suna ce masa ya yi kyau. Ni ma na shiga, don ba yadda zan yi. In na yi sabon rubutu a bulog sai in kawo hanyar shigarsa in liƙa a dandalin. Kafin in mayar da waya aljihu mutum ashirin sun ɗaga min babban yatsa, a kan rubutun da sai an yi kwata ɗin awa ana karanta shi. Wannan wane irin rainin hankali ne? Gara ka wuce ni shiru da ka yi min ƙaryar ka karanta.

Kafen nan aka rufe shi, ya koma shagon sayar da rigunan waya. Rubutuna ya koma sau ɗaya a wata, ya koma sau biyu a shekara, ya tsaya. Ban rufe bulog ɗin ba, ban kwashe hotunan ba. Na tafi na bar shi kamar gidan da aka tashi aka manta ba a sa kwaɗo ba, ina ganin tunda ba mai zuwa karatu, ba mai zuwa sata.

Aka yi shekara goma ko fiye. Sai ga shekarar da hatsi ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, wadda magidanci zai je kasuwa ya tambayi kuɗin tiya ya juyo bai ce komai ba. Wata safiya a ɗakin malamai wani abokin aikina ya miƙo min wayarsa ya ce in ga abin tausayi. Na karɓa. Kawu ne, da rigarsa, da tsintsiyarsa, da taguminsa. An yanke bayanina tas, an rubuta a sama da manyan baƙaƙe wai wannan dattijo na ƙasar Gwiwa kwana uku bai sa komai a cikinsa ba, ga rumbunsa nan. Ƙasan hoton addu'o'i ne da fuskoki masu zubar da hawaye, na yi ta ja da yatsa ban ga ƙarshensu ba.

Mai shafin na san shi. Tsohon ɗalibina ne, ɗan Roni, yanzu magidanci da gemunsa, ya tara mabiya masu yawa yana kiran kansa bakin talaka. Ni na taɓa nuna wa ajinsu bulog ɗin. A ranar na neme shi, na same shi a wurin mai shayi da waya biyu a gabansa. Ya miƙe ya russuna ya gaishe ni, ladabin nan da ya fi zagi ciwo.

"Hoton kawuna ne ka sa. Ya fi shekara goma da ɗauka. Gyaran rumbu yake yi."

"Allah sarki, Malam, ashe naku ne. Ai taimako ne za a samo masa."

"Wa ya ce maka yana neman taimako? Ka karanta abin da na rubuta a ƙasansa?"

Ya sosa ƙeya. "Malam, wallahi na fara. Ya yi tsawo ne."

"To ka sauke shi."

"Malam, ku yi haƙuri, abin ya riga ya tafi. Ko na sauke nawa, yana wurin mutum dubu. Kuma fa yunwar nan gaskiya ce. Ko shi ba ya ji, wani yana ji."

Wallahi da ba don furfurar da ta fara fito min ba, da na kifa masa kofin shayin nan. Wato ya ari fuskar mutum ya yi bara da ita, kuma yana jira a sa masa albarka. Na koma gida na tono kalmar sirrin bulog ɗina da na kusa mantawa, na zauna na rubuta raddi mai kai da ƙafa, da hujja, da tsohon rubutun gaba ɗaya. Ba wanda ya zo. Na je ƙasan hoton na yi bayani a taƙaice, maganata ta nutse a cikin addu'o'i. Mutum ɗaya ne ya amsa min, ya ce ni ɗan koren gwamnati ne, nawa aka biya ni in ce babu yunwa.

Kafin in isa ƙauye labari ya riga ni. Kowane matashi a can yana da waya. Mutane suka riƙa shigowa suna yi wa Kawu jaje a kaikaice, suna cewa ashe haka abin ya kai ba a sani ba. Abin da ya karya shi, surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya aiko da masara a bayan keke, da saƙon a yi haƙuri babu yawa. Mutumin da bai taɓa cin hatsin awo ba tun da ya yi aure! Ya daina zama a gindin bishiyar ƙofar masallaci. Ranar kasuwar Gwiwa ta zo ta wuce bai leƙa ba. Na same shi a zaure yana tufkar igiya. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba.

"Ka ce mutane ƙalilan ne," ya ce.

Na zauna a bakin tabarma har aka kira la'asar.

Sati bai zagayo ba sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida, samari da 'yan mata cikin riguna iri ɗaya, da buhunan shinkafa, da wayoyi a kan sanduna. Ɗalibin nawa ne a gaba. Baƙi ne, don haka Kawu ya sa aka shimfiɗa musu tabarma, Inna ta dama fura. Suka sha. Sannan wata a cikinsu ta tambaya, ba kunya ba tsoron Allah, ko Baba zai sa waccan rigar ta cikin hoto ya ɗan shiga rumbun su ɗauka. Kawu ya ce ya gode, Allah ya saka, amma shi ba mabuƙaci ba ne, su kai wa waɗanda suka fi shi. Suka ɗauki wannan ma. Da yamma ya fito a dandali, an ɗora masa wani sauti mai sa kuka, an rubuta wai kunya ce ta hana dattijon karɓa, irin talakan da ba ya roƙo ke nan. Buhunan da suka jibge masa a ƙofa ya sa aka kai masallaci.

A nan ne na yi wautar da ta fi ta farko. Na ce wa kaina mutanen nan ba sa karatu, ido kawai gare su, don haka hoto ne zai kashe hoto. Na ce wa Kawu ya buɗe rumbun bara in ɗauki bidiyo, minti ɗaya bai cika ba, kowa ya gani a huta.

"Na gaya maka ba a nunawa."

"Kawu, sun riga sun mayar da ku maroƙi. Wannan ce kaɗai hanyar da za ta wanke ku."

Sau uku ina komawa yana ƙi. A na huɗu Inna ce ta sa baki daga bayan ƙyaure, ta ce jiya a bakin rijiya wata mata ta tura mata kuɗin cefane a hannu a gaban jama'a. Kawu ya tashi ya ɗauko tsani da kansa, ya hau, ya cire jinka, ya fasa lakar da ƙotar fartanya, ya sauko ni na hau. Ƙamshin tsohon gero da darbejiya ya bugo ni. Dami ne a jere, kai da kai, har baki. Na ɗauka. Yana tsaye a ƙasa ya juya wa rumbun baya.

Ban sa a bulog ba. Wa zai gani a can? A dandalin na sa, da layi ɗaya tak: ga rumbun mutumin da aka ce yana jin yunwa. Kuma bari in faɗi abin da ya fi komai ba ni kunya. Na ji daɗi. Wayata ta yini tana ƙara a aljihu. Ni da na shekara da shekaru ina rubutu wa mutanen da ba su cika mota biyu ba, yau ga dubbai suna yaɗa abina. Ina cikin aji ina koyarwa ina satar kallon waya kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi. Daɗin bai kai kwana biyu ba.

Ɗalibin nawa ya ɗauki bidiyon ya sa a shafinsa, ya rubuta wai an yaudare su, ga irin masu ɓoye abinci nan da suka jefa talaka cikin bala'i. Wani ya ƙara da cewa ya san tsohon, jira yake 'yan kasuwar Babura su zo su kwashe su ƙetara da shi Nijar a biya shi da sefa. Kawu da bai taɓa sayar da dami ɗaya ba! Mutanen da suka zubar masa da hawaye makon jiya, su ɗin dai, da sunayensu da hotunansu, su ne suka dawo suna tsine masa. Wani ya ce Allah ya sa geron ya zama ajalinsa. Na duba shafin mai wannan addu'a, na ga kwana tara kafin nan ya rubuta wai hoton Baba ya hana shi cin abinci. Ba su san shi ba da suka so shi, ba su san shi ba da suka ƙi shi, kuma ko ɗaya bai tsaya ya tambaya ba.

Da a waya abin ya tsaya da sauƙi. Samarin ƙauyen suka fara yada magana in ya wuce. Wani ya yi tsaki a bayansa a sahun salla. Dagaci ya aiko a kira shi, ya ce shi ya san halinsa, amma magana ta yi yawa, har daga sama an fara tambaya.

Na hau babur na tafi da takarda da biro, raina a ɓace. Na ce wa Kawu wannan karon zan rubuta gaskiya duka, in sa a bulog in sa a dandali in sa ko'ina. Zan faɗi abin da Inna ke fita da shi a ƙarƙashin mayafi shekara arba'in. Zan lissafo gidajen, na san wasu, ita ta san sauran. In mutane suka ji bakin waɗanda suka ci, wa zai sake cewa mai ɓoyo ne?

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni sosai.

"Sunan wa za ka fara sawa? Na uwarka?"

Na sunkuyar da kai.

"Ka tona min nawa asirin sau biyu, bai ishe ka ba, sai ka haɗa da na mutane? Wanda ya ci a ɓoye, a ɓoye ya ci. Ka mayar da bironka aljihu."

"To su me ya hana su magana, Kawu? Suna ji ana zagin ku, sun yi gum!"

"Ya tashi a gaban jama'a ya ce matar wani ce ta ciyar da 'ya'yansa? Kai za ka iya?"

Ni dai na ji haushinsu, har yau kuma ina ji, ko da yake na san ni ma ban tashi na faɗi namu ba. Kawu bai taɓa nuna ya ji ba. Abin da ya yi shi ne, wata Laraba da hantsi ya sa aka fasa bakin rumbunan biyu, ya ware abin da zai kai gidansa girbi, sauran duka aka ɗora a amalanke aka kai ƙofar dagaci. Ya ce a raba, kowa ya gani, a bar shi ya yi salla cikin natsuwa.

Ina wurin. Aka yi layi da rana tsaka, wayoyi a sama ta kowane gefe. Masu baki da masu ƙarfin kafaɗa su ne a gaba, har da wanda ya yi tsakin nan a masallaci, da buhunsa. Na bi layin da ido daga farko har ƙarshe ina neman mutanen da na san Inna na shiga gidajensu. Matar nan da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar ba ta zo ba. Tsohon maƙerin da idonsa ya mutu bai aiko kowa ba. Wani magidanci mai yawan iyali, wanda kullum rigarsa a wanke take ko da ba a ɗora tukunya a gidansa ba, na hango shi daga nesa ya tsaya, ya ga wayoyin, ya juya. Irin waɗannan ba za su riƙe kwano a gaban na'ura ba ko za su mutu, kuma don su aka yi rumbun. Kafin azahar an share wurin, kaji na tsintar abin da ya zube.

Da yamma ɗalibina ya sa hotunan rabon, ya rubuta wai ƙarfin jama'a ya yi aiki, an tilasta wa mai ɓoyo ya fito da abinci. Aka yi ta yi masa jinjina. Bayan kwana huɗu wani abin ya taso, faɗan wasu mata biyu a wurin biki, kowa ya koma can. Yau in ka tambaye su labarin tsohon nan mai rumbu, sai sun yi tunani kafin su tuna.

Marka ta kama a kan lokacinta, kwana da kwanaki ana yayyafi. Mahaifiyata ta je ƙauyen ta dawo ta ba ni labari. Ta ce Inna har yanzu tana fita bayan asuba da mayafinta, don ƙafa ta saba. Ta shiga gidajen nan, a gaisa, a yi maganar ruwa, ta tashi ta fito, ba abin da za ta ajiye a bayan ƙyaure. Matar nan mai yara biyar ta sayar da akuyarta mai ciki. Magidancin nan mai wankakkiyar riga ya bar gonarsa ba a yi mata maimai ba ya tafi birni neman aikin ƙarfi, a tsakiyar damina, abin da bai taɓa yi ba. Babu wanda ya ɗauki hoton wannan. Ni ma ban rubuta ba sai yau, kuma na san ya yi tsawo.

Na daɗe ban iya komawa ba. Sai gab da girbi na daure na tafi. Na yi sallama a zaure shiru, Inna ta ce yana baya. Rumbu biyu bakinsu a buɗe, ba jinka, ruwan damina ya fara cin gefensu, bai kuma yaɓe ba. Tsani yana jingine da na ukun, ina jin ƙarar tsintsiya daga ciki. Na hau a hankali na leƙa.

Ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Ya gama shara ya zauna a ƙasa yana hutawa, hannu a kumatu. Na gaishe shi. Ya ɗaga kai, hasken bakin rumbun ya sa ya ƙanƙance ido. Ba fuskata ya kalla ba, aljihun gaban rigata ya kalla, inda kan wayata ya leƙo.

"Ka zo da abin naka ashe."

"Gaishe ku kawai na zo yi, Kawu."

"Ɗauka mana, Malam," ya ce. "Wannan karon ba sai ka rubuta komai a ƙasansa ba."